Ƙoda, gishiri da kumburi: yadda ruwa ke taruwa a jiki idan zuciya ta gaza

0. Gabatarwa

Mutumin da zuciyarsa ta gaza ba kasafai yake zuwa likita yana kukan zuciya ba. Abin da ke kawo shi shi ne ƙafafu da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ko ciki da ya cika da ruwa, ko haki da ke hana shi kwanciya sai ya kwana a jingine. Ruwan nan kuwa ƙoda ce ta tara shi, kuma sau da yawa ƙodar lafiyarta ƙalau. Yadda gaɓa mai lafiya ke aikata abin da ke cutar da jikin da take wa aiki shi ne za mu yi ƙoƙarin bayyanawa a wannan takarda, da Hausa tun daga farko har ƙarshe, domin a gwada ko kalmomin da muke da su za su iya ɗaukar bayanin, a kuma ga inda suke zamewa. Batun ya wuce gwajin harshe kawai: tsakanin likitan da ya yi karatu da faransanci da majinyacin da bai ji ba akwai mai fassara, kuma abin da ya faɗi a bakin mai fassara shi majinyaci ke tafiya da shi gida.

1. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Abin da faransanci ke kira insuffisance cardiaque mun fassara shi da “gazawar zuciya”. Mun guje wa “ciwon zuciya” domin a bakin Bahaushe yana iya nufin baƙin ciki, mun kuma guje wa “raunin zuciya” domin an fi jin sa a kan mai saurin kuka ko tsoro. “Gazawa” tana da amfani ɗaya: tana nuna zuciya ba ta tsaya ba, tana bugawa, sai dai abin da take turawa bai kai bukatar jiki ba, ko kuma ba ta iya kaiwa sai matsi ya hau a bayanta.

Kalmar “jijiya” ta fi wuya, don ita kaɗai ke ɗauke da abubuwa huɗu da likitoci ke rarrabewa. A nan za mu ce “jijiyar kai jini” ga wadda ke ɗaukar jini daga zuciya, “jijiyar mai da jini” ga wadda ke komo da shi, “jijiyar saƙo” ga wadda ke ɗaukar umurnin ƙwaƙwalwa. Ta huɗu, wadda mahauci ke cirewa daga nama, ba ruwanmu da ita. Sinadarin da wata gaɓa ke zubawa cikin jini ya je ya umurci wata gaɓa za mu kira shi “hormon”. Sai “sodiyom” da “gishiri”, waɗanda dole a raba su: gishirin miya haɗi ne na sodiyom da kulorin, giram 5 nasa na ɗauke da kimanin giram 2 na sodiyom, amma akwai sodiyom a abubuwan da Hausa ba ta kiran su gishiri. Za mu komo kan wannan.

2. Aikin ƙoda a jiki mai lafiya

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin namiji baligi ruwa ne. Mai kilo 70 yana ɗauke da lita 42: lita 28 a cikin ƙwayoyin halitta, lita 14 a wajensu. Daga cikin 14 ɗin, kimanin 3 ne ruwan jini, sauran 11 suna kwance tsakanin ƙwayoyin halitta. Sodiyom kusan duka a waje yake zama, don ƙwayoyin halitta kullum suna fitar da shi, kuma jiki yana tsare kaurinsa a kusan milimol 140 cikin kowace lita. Daga nan ƙa’idar farko ta fito: tun da kaurin ba ya canzawa sosai, yawan sodiyom da ke jiki shi ke yanke yawan ruwan waje. Duk giram 8 zuwa 9 na gishiri da ya zauna a jiki yana riƙe lita ɗaya ta ruwa, lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce a ma’auni.

Zuciya tana tura kusan lita 5 na jini a minti idan mutum na hutawa, ƙoda biyu suna karɓar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na wannan, alhali nauyinsu duka bai wuce giram 300 ba. A kowace ƙoda akwai kimanin miliyan ɗaya na ƴan ƙananan matatai da ake kira nefuron. Kowane nefuron yana farawa da ƙulli na siraran jijiyoyi, mai ƙofar shiga da ƙofar fita, inda matsin jini ke tace ruwa zuwa cikin wani dogon bututu. Abin da ake tacewa a yini ya kai lita 180. Fitsari kuwa lita ɗaya da rabi ne. Wato aikin ƙoda mafi yawa ba zubarwa ba ne, mai da abin da ta tace ne cikin jini.

Idan aka ninka 180 da 140 za a samu milimol 25.200 na sodiyom, daidai da kusan kilo ɗaya da rabi na gishiri, da ke ratsa matatan kowace rana. Fiye da kashi 99 cikin 100 ana mai da shi. Bututun farko yana ɗauke kusan kashi 65. Lanƙwasar Henle, a reshenta mai hawa, kashi 25. Bututun nesa kashi 5. Bututun tattarawa kuma ɗan abin da ya saura, ban da abin da aka bari ya fita. Mu lura da ƙanƙantar gefen da ake wasa a kansa. A ɗauka, don misali, mutum yana cin giram 10 na gishiri a rana, ƙodarsa ta fitar da 6 ta riƙe 4. Giram 4 cikin giram 1.500 bai kai uku cikin dubu ba, amma a kwana goma ya zama giram 40, wato kusan lita 5 na ruwa.

3. Abin da ƙoda ke “gani”

Ƙoda ba ta da hanyar auna ruwan jiki gaba ɗaya. Abin da ita da ƙwaƙwalwa ke aunawa shi ne cikar jijiyoyin kai jini: akwai ma’aunan matsi a babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, da jijiyoyin wuya, da ƙofar shiga ta kowane ƙulli, akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta a ƙarshen lanƙwasar Henle da ke ɗanɗana gishirin da ya iso gare su. Jijiyoyin kai jini kuwa kusan kashi 15 cikin 100 na jinin jiki kawai suke riƙe da shi. Saboda haka jiki yana iya cika maƙil da ruwa a ɓangaren jijiyoyin mai da jini, ɓangaren da ake aunawa kuma ya nuna ƙaranci. Kamar mai tsaron rijiya ne da ke duban guga kawai: idan igiya ta yi rauni guga ya riƙa zuwa rabi, sai ya ɗauka rijiya ce ta ja baya, ya hana kowa zubar da ruwa.

An daɗe ana gardama kan wannan. Tsohon ra’ayi shi ne jini ke taruwa a bayan zuciya, matsi ya tura ruwa waje, sannan ƙoda ta cike gurbi. A 1944 Warren da Stead, a Amurka, suka nuna cewa nauyin majinyaci da yawan jininsa suna iya ƙaruwa kafin matsin jijiyoyin mai da jini ya hau, a 1946 kuma Merrill ya auna jinin da ke isa ƙodar irin waɗannan majinyata ya tarar ya ragu fiye da yadda turawar zuciya ta ragu. Daga 1988 Robert Schrier ya haɗa bayanin wuri guda da sunan rashin cikar jijiyoyin kai jini, ya kuma nuna hanya biyu ce ke kai gare shi: ko zuciya ta rage turawa, ko jijiyoyin su buɗe fiye da kima har abin da ake turawa ya kasa cika su. A riƙe hanya ta biyun nan, za ta yi mana amfani a batun jego.

Martanin jiki daidai yake da wanda zai yi da mutum ya zubar da jini ko ya yi zawo mai tsanani. A can martanin ceto ne na ƴan kwanaki. A gazawar zuciya ba abin da ya zube, kuma dalilin ba ya gushewa, sai martanin ya zarce watanni da shekaru.

3.1. Jijiyoyin saƙo da renin

Da ma’aunan matsi sun ji sassauci, sai ƙwaƙwalwa ta tsananta saƙon jijiyoyin da ke shirya jiki don gudu ko faɗa. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, har da na ƙoda, bututun farko ya ƙara shan sodiyom, ƙwayoyin da ke bakin ƙulli kuma su saki renin. Tigerstedt da Bergman ne suka gano renin a Suwidin a 1898. Shi kansa ba ya tsuke jijiya. Yanka yake yi. Yana yanke wani furotin da hanta ke yi ya fitar da anjiyotansin na ɗaya, wani sinadari da ya fi yawa a jijiyoyin huhu ya sake datse shi ya zama anjiyotansin na biyu, wanda shi ne mai aikin.

A cikin ayyukansa akwai ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ya fi nuna dabarar ƙoda da kuma tsadarta. Anjiyotansin na biyu yana tsuke ƙofar fita ta ƙulli fiye da ƙofar shiga. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da yatsa ya san abin da ke biyo baya: matsi ya hau a ciki. Ta haka ake ci gaba da tacewa kusan kamar da, ko da jinin da ke shigowa ya ragu. A jiki mai lafiya kashi ɗaya cikin biyar na ruwan jinin da ya shiga ƙulli ake tacewa. A nan kason ya haura. To, jinin da ya fita ta ƙofar fita shi ne kuma ke zagaye bututun farko, ga shi an matse masa ruwa fiye da kima, furotin ɗinsa ya yi kauri, matsinsa ya faɗi. Irin wannan jini ƙishirwa gare shi, yana zuƙe ruwa da sodiyom daga bututu. Sakamakon shi ne abin da ke isa ƙarshen nefuron ya ragu ƙwarai. Bayan wannan, anjiyotansin na biyu yana tayar da ƙishirwa a ƙwaƙwalwa, yana kuma umurtar ƴar gaɓar da ke zaune a kan ƙoda ta saki aldosteron, hormon da aka ware a 1953, wanda ke buɗe ƙofofin sodiyom a bututun tattarawa, yana zubar da fotasiyom a madadinsa.

Abin lura a nan: idan aka ba mai lafiya aldosteron da yawa, zai riƙe ruwa na ƴan kwanaki, sannan ƙodarsa ta kuɓuce, ta ci gaba da fitar da abin da ya ci, ba ya kumbura. Yana kuɓuta ne domin bututun farko ya sassauta, sodiyom mai yawa ya kwararo ƙasa har ya fi ƙarfin ƙofofin da aldosteron ya buɗe. Mai gazawar zuciya ba shi da wannan mafita, tun da an riga an tare sodiyom tun daga sama.

3.2. Ruwa ba tare da gishiri ba

Hormon na uku shi ne bazofuresin, wanda ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, yana buɗe hanyoyin ruwa a bututun tattarawa. A al’ada kaurin jini ke kiransa. Amma idan rashin cikar jijiyoyi ya tsananta, jiki yakan fifita cika a kan kauri, a saki hormon ɗin ko da jini ya riga ya tsinke. Ga ƙishirwa kuma tana sa majinyaci shan ruwa. Sai awon jini ya nuna sodiyom ya sauka ƙasa da 135. Wannan wuri ne da fassara ke yin ɓarna: idan aka ce wa majinyaci “gishirin jininka ya yi ƙasa”, abin da zai ji shi ne a ƙara gishiri. Alhali sodiyom ɗin jikinsa ya fi na mai lafiya yawa. Miya ce aka cika wa ruwa. A ganinmu abin da ya kamata a ce shi ne “ruwa ya yi wa jininka yawa, ya tsinka shi”, domin maganin a nan rage shan ruwa ne. Faɗuwar sodiyom irin wannan alama ce ta cewa cutar ta yi nisa.

3.3. Masu ja da baya, da matsin baya

Jiki bai rasa birki ba. A 1981 de Bold, a Kanada, ya nuna cewa ɗakunan sama na zuciya suna da wani hormon da ke sa ƙoda zubar da sodiyom, a 1988 kuma aka gano ɗan uwansa a Japan, wanda ake kira BNP. Idan bangon zuciya ya miƙe saboda cika sai a sake su. A gazawar zuciya suna hawa sosai, har awonsu ya zama hanyar gane cutar, amma ƙoda ba ta jin kiransu yadda ya kamata: wurin aikinsu ƙarshen nefuron ne, inda sodiyom kaɗan ke isowa, ga kuma wani sinadari, nefirilizin, da ke lalata su.

Tsohon ra’ayin matsin baya ma bai mutu ba. Tun 1931 Winton ya nuna, a ƙodar dabba da aka ware, cewa ɗaga matsin jijiyar da ke fitar da jini daga ƙoda yana rage fitsari. Ƙoda tana cikin wata riga da ba ta miƙewa. Idan jini ya kasa fita sai ta cushe, tacewa ta ragu. Ruwan da ƙoda ta riƙe ke nan ya komo ya shaƙe ta.

4. Inda ruwan ke zuwa

Starling ya bayyana a 1896 cewa a siraran jijiyoyi matsi na tura ruwa waje, furotin ɗin jini na jan sa ciki. Idan matsin jijiyoyin mai da jini ya hau, turawa ta rinjayi ja, ruwa ya fita fiye da yadda magudanan jiki za su kwashe. Yakan kai lita 3 ko fiye kafin yatsa ya bar rami a ƙwauri, shi ya sa ma’aunin nauyi ke riga ido gani: ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba. Nauyin ruwa ke zaɓar masa wuri, ƙafa ga mai tafiya, ƙugu ga wanda ke kwance. Idan ɓangaren hagu na zuciya ne ya gaza, huhu ke jiƙewa, da dare kuma, da mutum ya miƙe, ruwan ƙafa ya komo ƙirji ya tashe shi da haki.

5. Magunguna, a taƙaice

Kowane magani yana da mazauninsa a wannan taswira. Furosemid, wanda aka fi sani a kantunan maganinmu da Lasilix, yana toshe shan sodiyom a lanƙwasar Henle. Yana sauke kumburi da sauri, amma aikinsa kamar awa shida ne, bayan haka ƙoda takan rama abin da ta rasa idan gishiri na shigowa, kuma yana ƙara tayar da renin. Waɗanda aka tabbatar suna tsawaita rai su ne masu kashe kiran da ake wa ƙoda. A 1987 gwajin CONSENSUS ya nuna enalafiril, mai hana samuwar anjiyotansin na biyu, ya rage mutuwa da kashi 40 cikin 100 a wata shida ga masu cuta mai tsanani. A 1999 gwajin RALES ya nuna sifironolakton, mai tare aldosteron, ya rage ta da kashi 30. A 2014 aka tabbatar da amfanin hana nefirilizin, a 2019 kuma dafagiliflozin, wanda aka ƙera don ciwon sukari kuma yake aiki a bututun farko, ya shiga sahu. Akasin waɗannan su ne magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da ake saye a tebur ba takardar likita: suna kashe sinadaran da ke riƙe ƙofar shiga ta ƙulli a buɗe, ƙoda ta ƙara riƙe sodiyom.

6. Kanwa ba “gishiri” ba ce a Hausa

A ƙasar Hausa wannan bayani yana da wurin da ya fi shafa. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun bi mata 224 a Zariya da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka ƙiyasta cewa abin na samun kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, adadin da ya fi na ko’ina da aka sani a lokacin. Sun danganta shi da al’adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma na kwana arba’in ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa don korar sanyi da kawo nono. Hujjar ta dace da abin da muka gani a sama. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, wato hanya ta biyu ta rashin cika, sai ƙoda ta shiga riƙo, a daidai lokacin da kanwa ke kawo mata abin riƙewa.

Bincike na baya ya rage ƙarfin wannan zargi. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun ruwaito a 1992 cewa matan da cutar ta kama suna da ƙarancin seleniyom a jini. A 2020 kuma rajistar PEACE, da Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya da dama, ba ta samu alaƙa tsakanin cutar da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ta samu shi ne rama, rashin karatun boko, rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Saboda haka ba daidai ba ne a ci gaba da koyar da cewa kanwa ce ke jawo cutar. Amma tambayar abin da ke lalata zuciya dabam take da tambayar abin da ƙoda za ta yi da sodiyom bayan zuciyar ta riga ta gaza. Ga ta biyun amsa ba ta canza ba.

A nan ne harshe ke shiga. Kanwa, ja ko fara ko ungurnu, irin wadda ake haƙowa a Manga da Dallol Boso, galibinta kabonat ɗin sodiyom ce. Turawan Ingila sun laƙaba mata sunan da ke nuna fotasiyom, abin da ya ruɗa marubuta da yawa. Faransanci ya fi dacewa da ya ce natron, kalmar da daga gare ta aka samo alamar Na da masana sinadarai ke rubuta sodiyom da ita. Amma a Hausa kanwa da gishiri ba su cikin aji ɗaya. Gishiri, manda, balma, kantu, duk ana iya ce musu gishiri. Kanwa kuwa abin daɗin tuwo da miyar yauƙi ce, maganin ciki ce, abin ba dabbobi ce. Idan likita ya ce régime sans sel, mai fassara ya ce “a bar gishiri”, mai jego za ta bi umurnin da gaskiya, ta ci abinci lami, ta sha kununta na kanwa kwano guda. Haka dunƙulen Maggi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da busasshen kifi mai gishiri, da yajin da aka daka da su.

Ba a bukatar a wuce gona da iri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowa shawarar kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, gwajin SODIUM-HF na 2022 kuma bai ga raguwar mutuwa ko kwanciya asibiti ba ga waɗanda aka nemi su sauka ƙasa da giram 1,5 na sodiyom. Sai dai waɗanda aka gwada su da su ma kimanin giram 2 suke ci, nesa da abin da gishiri da kanwa da dunƙule ke tarawa a tukunya ɗaya. Shawararmu ga masu rubuta littattafan yaƙi da jahilci da masu horar da ma’aikatan lafiya ita ce a daina fassara sel da kalma ɗaya. A jera su da sunansu, a ce “gishiri da kanwa da dunƙule”, a kuma tambayi mai jego kai tsaye wa ke dama mata kunu, domin sau da yawa ba ita ke riƙe da ludayin ba, uwarta ce ko uwar mijinta, kuma su ya kamata a kira cikin ɗaki a yi wa bayanin.